Ƙafafun Ɗari-da-Tara

Aikin farko da Usta Munir ya ba ni a warsharmu, wato ɗakin aikinmu da ke unguwar Shifa, shi ne yankan haƙarƙarin fiffike. Ya nuna mini zane a takarda, ya miƙo mini reza mai ƙota, ya yi nuni da haɓa wajen da ake jingine katakon balsa, ya koma kan shayinsa. Balsa katako ne mai laushi, nauyinsa bai fi na ɓargon kara ba, kuma daga ƙasashe masu yawan ruwan sama ake kawo shi. Na zaɓi sabon ƙunshin da aka sauke a makon, don ya fi haske da kyan gani. Na yanka, na goge, na jera su a tebur kamar ɗaliban da za a duba wa farce. Washegari na tarar duk sun lanƙwashe kamar kilishi. Usta, dattijo ne mutumin Sham, ya ɗaga ɗaya ya leƙo ni ta ƙarƙashinsa, ya ce, "Ya Ustaz, a Riyad katako ma baƙo ne. Sai ya zauna ya bushe ya saba da garin kafin a ba shi aiki." Tsohon ƙunshi mai ƙura da na tsallake, shi ne wanda ya riga ya saba.

Da wannan na fara saboda ku, samarin da kuke taruwa a ɗakinmu na unguwar Jaradiya bayan sallar Juma'a, kuna cin shinkafata kuna nuna mini bidiyo a waya. Ga Bature ya buɗe kwali da safe, ga jirgi a sama da yamma. Ɗayanku har ya ce, "Malam, ai wannan motar kara ce aka sa wa fiffike. Koya mana mu koma gida mu buɗe shago." Ban amsa ba a lokacin domin akwai loma a bakina. Ga amsar a rubuce, tunda tsohon malamin makaranta ba ya jin ya faɗi magana sai ya ja layi a ƙarƙashinta.

Zanen injiniya nake koyarwa a Zariya kafin in zo ƙasar nan. Iƙamata kuwa, wato takardar izinin zama, cewa ta yi ni kafinta ne, ban kuma taɓa yi mata musu ba. Kafilina, ubangidan da nake zaune a ƙasar da sunansa, yana da shagon kujeru da gadaje. Da ya lura ina karanta zane ba tare da na riƙe takarda a kife ba, sai ya tura ni ɗakin baya, wurin Usta. A can ake ƙera ƙananan jiragen sama masu tashi da gaske: injin fetur a gaba, da farfela, da tayoyi, mutum yana tsaye a ƙasa yana sarrafa su da rimot. Masu sayensu attajirai ne da ke haɗuwa a hamada kudu da gari lokacin sanyi, da gahawarsu da dabinonsu da dardumarsu. Kakanninsu da shaho suke fita. Su kuma da namu.

Kayan aikin ba su cika jaka ba. Reza, da ƙaramin zarto, da magagari, da samfefa iri-iri, da allurai masu kai na danne katako a kan zane, da sikeli irin na masu sayar da zinari, da wani ɗan dutsen guga bai fi cokali ba, na liƙa leda a jikin fiffike. Sai gam. A garin nan gam a kan burushi yake bushewa kafin ka kai hannu, don haka a murfin kwalba muke dama shi, kaɗan-kaɗan, kamar maganin jariri. Kowane ɓallin katako sai ya hau sikeli. Wanda ya shiga fiffiken dama, ɗan'uwansa mai nauyinsa zai shiga na hagu. Duk abin da ka ƙara wa wutsiya, hanci ne zai biya ninki da darma, jirgi mai nauyi kuwa bulo ne da aka yi wa fenti. Rabin sana'ar gogewa ce. Za ka wuni da samfefa a hannu, ƙura ta cika maka hanci da gemu, da yamma ka duba ka ga kamar ba ka yi komai ba. To, ranar ce ka yi aiki. Wannan ɓangaren ba a saka shi a bidiyo.

Na tuna wani jan jirgi da na liƙa wa leda har tana sheƙi kamar madubi. Mai shi ya saka shi a bayan mota tsakiyar bazara, ya shiga cin abincin rana, ya yi ƙailula, ya yi La'asar. Da ya dawo mana da shi fiffiken ya murɗe, ledar ta yi tamoji kamar fatar tsohuwar jaka. Ya ce aikinmu ne ba shi da kyau. Usta ya ɗora hannu a ƙirji ya ce a kansa da idonsa, za a gyara. Da mutumin ya fita ya faɗi wata magana da Larabcin Sham wadda ba a koya mana a Islamiyya ba. Akwai mai son a yi wa jirgin yaƙi fentin ruwan zinari, akwai mai cewa yana son nasa bukura, wato gobe, alhali aikin wata shida ne. Mafi yawansu dai mutanen kirki ne masu gaggawa, gaggawa kuwa ita ke ciyar da mu, domin abin da suka kai hamada ranar hutu, a buhu yake dawo mana.

A sana'ar nan mai ƙera daban, mai tayarwa daban. Ni ban taɓa tayar da jirgi ba. Na san aikin kowane sanda a jikin rimot, zan iya rubuta muku darasi a kai har da tambayoyin ƙarshen babi, amma yatsuna na alli ne da reza. Usta ma haka. Wanda ke gwada mana sabon jirgi kafin mu miƙa wa mai shi Sabo ne, wani Bakano mai tuƙa kiren, injin nan na ɗaga kaya da ake kafawa a saman dogon gini. A masallacin Jaradiya muka haɗu. Na ja shi hamada wata rana don ya taya ni ɗaukar kaya, wani ya ba shi rimot don wasa, kafin sanyin shekarar ya wuce attajirai suna layi ya tayar musu da nasu. Mutum ne da ya saba sauke tan-tan na ƙarfe a kan wurin da bai fi tabarma ba, daga nesa, da yatsu biyu. Sabo ba ya ce mini Malam sai zai nemi wani abu. Bazazzagi yake ce mini, ni kuma in ce masa ɗan kasuwa.

Wata ranar Laraba wani abokin cinikinmu, Abu Nayif, ya shigo da littafi mai kauri na Turanci a hammata. Tsohon ma'aikacin banki ne, mai son karatu, irin mutanen da ke gyara wa mai ba da labari kwanan wata. Ya buɗe shafi ya ɗora yatsa a kan jirgin yaƙin Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda lambarsa ɗari da tara ce. Mu a warsha Ɗari-da-Tara kawai muke ce masa. Ya ce yana son a ƙera masa shi kashi ɗaya cikin huɗu na girman na gaskiya, kuma kada a canza komai. Ya maimaita: komai. Usta ya dubi hoton, ya dubi ƙafafun jirgin, ya ce, "La haula." Ni kuwa na karɓi aron littafin.

Sai ku gyara zama, nan ne darasin. Wanda ya zana jirgin nan dabara ɗaya ya riƙe: a samo injin da ya fi kowane ƙarfi, a naɗe shi da gangar jikin da ta fi kowace ƙanƙanta. Injin mai fistin goma sha biyu ne, an kife shi kansa a ƙasa don hancin jirgin ya yi siriri, ruwa ke sanyaya shi, lagiretonsa a ƙarƙashin fukafukai. Famfo ne ke tura masa mai kai tsaye, ba kafireto ba, saboda haka in matuƙi ya dunƙufar da hanci ƙasa farat ɗaya injin ba ya shaƙewa, alhali na abokan gabansa na farkon yaƙin sai sun yi tari. Yana hawa sama kamar an kore shi, yana faɗowa kamar dutse. Wannan shi ne abin yabonsa, kuma ba kaɗan ba ne.

Sauran duk biyan farashi ne. Mazaunin matuƙi matsattse ne, kafaɗa na gogar bango, murfinsa a gefe yake buɗewa kamar akwatin ƙarfe. Tankinsa ƙarami, bai yi nisa ba sai ya fara tunanin gida. In gudu ya yi yawa sandar tuƙi takan yi tauri sai an sa hannu biyu. Amma babbar magana ƙafafu. Don fiffike ya zama siriri marar nauyi, kuma a iya kwance shi a ɗora jirgin a kan jirgin ƙasa yana tsaye da tayoyinsa, sai aka dasa ƙafafun a jikin gangar, kusa da juna, suka ɗan buɗe waje kamar na ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Ga inji mai ƙarfi yana murɗa farfela dama, shi kuma jirgin yana son murɗawa hagu. Ga dogon hanci ya tare wa matuƙi hanya. A sama zaki ne. A ƙasa kuwa, wajen tashi da wajen sauka, ya kashe 'ya'yan Jamus masu yawa ba tare da an harba musu harsashi ba. Kuma ku riƙe wannan: don filin ciyawa mai faɗi aka yi shi, inda matuƙi zai juya ya fuskanci iska ta duk inda ta zo, in taya ta zame ciyawa ta yafe masa. Kwalta ba ta yafiya.

Littafin ya kuma faɗi irin gwamnatin da jirgin ya yi wa aiki, da su wa suka ƙera shi a ƙarshen yaƙin: fursunoni da baƙin da aka kwaso daga ƙasashensu, waɗanda ba a tambaya ko suna sha'awar jirage ba. Shi ya sa na gaya wa Abu Nayif akwai tambari ɗaya a wutsiya, na waccan gwamnatin, da ba zan zana ba. Ya ce wannan kaɗai ya yafe.

Da Sabo ya ga zanen a shimfiɗe, sai ya auna tsakanin tayoyin da tafin hannunsa.

"Bazazzagi, wannan ƙafa ce ko tsinken tsire?"

"Haka Jamusawa suka yi shi."

"To Jamusawan sun ci yaƙin?"

"Ba ƙafa ce ta kayar da su ba."

"Ai akwai ɗan'uwansa a shafin gaba, mai ƙaton kai. Dubi ƙafarsa, a buɗe kamar ta ɗan dambe. Me ya hana Balaraben ya zaɓi wancan?"

"Wannan yake so."

"To ka buɗa masa ƙafa da yatsa uku kowane gefe. Wa zai sani?"

"Abu Nayif da rula yake yawo."

"Ku dai Zage-zagi, ko kuskure kuka gani a littafi sai kun kwafe shi da kyakkyawan rubutu."

Usta ne ya raba mu. Ya ce in ka gyara wa jirgi aibinsa, wani jirgin ka ƙera, ba shi ba. Sabo ya ce ya ji, zai tashe shi, amma da sharaɗi: a filinmu na hamada, wancan shimfiɗaɗɗen fako mai tauri inda ba bango ba kwalbati, kuma ranar da shi ya zaɓa.

Aikin da ya fi cin raina a jirgin nan wasu 'yan faifai ne a gaban kowane fiffike. A na gaskiyar, in gudu ya ragu sukan zamo gaba da kansu, ba waya ba maɓalli, iska ce kawai ke turo su, su riƙe jirgin kada ya faɗi. Masu ƙera ƙanana zana su suke yi da fenti su wuce. Ni na ce sai sun yi aiki. Na yi musu hanyar zamewa da ƙarfen lema, na goge, na gwada, na zubar, na sake. Dole na dama da na hagu su fito tare, in ɗaya ya riga ɗaya jirgi zai kife. Gwajin kuwa a bayan a-kori-kurar kafilina muke yi: ni ina tsugune riƙe da fiffike, Sabo yana tuƙi a titin bayan warsha yana rage gudu a hankali, ina jiran in ji ƙas. 'Yan Bangaladash masu walda a layinmu sun daɗe da yanke hukunci a kan hankalina. Ranar da na ji ƙas ɗin nan guda ɗaya daga faifai biyu, sanyi biyu sun wuce da fara aikin.

Sai shekarar da farashin man fetur ya faɗi. Kun zo bayanta, don haka ba ku ga yadda gari ke yin shiru ba tare da ya rage hayaniya ba. Gine-gine suka tsaya a rabi, kiren-kiren suna tsaye a kansu ba mai hawa. Attajiranmu suka rage fita hamada. Waɗanda ke fita kuma suka koma sayen jiragen soso na kwali, irin na bidiyonku, da 'yan ƙananan nan masu farfela huɗu da ke tsayawa a sama da kansu ko mai su ya tafi shan gahawa. Wa zai jira wata shida? Daga baya hukuma ta tsaurara, tayar da komai sai da izini, a wurin da aka yarda kawai. Buhunan gyara suka daina zuwa. Na koma gaban shago ina buga ƙusa a kujera da rana, ina komawa ɗakin baya in an tashi.

Usta idonsa ya riga ya fara hazo. Kafili ya ce ba zai iya sabunta masa iƙama ba. Garinsu a Sham ba sauran gida, sai ya tafi wurin 'yarsa a Turkiyya. Ya bar mini rezarsa da sikelinsa. A bakin ƙofa ya shafa hancin Ɗari-da-Tara, lokacin ko fenti ba a yi masa ba, ya ce in ya tashi in gaya masa yadda saukarsa ta kasance. Bai tambayi tashin ba, saukar ya tambaya.

Na gama shi ni kaɗai. Toka-toka a sama, shuɗi mai haske a ciki, rawaya a hanci. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ya fi tsayin ƙofar ɗakinmu. Ƙafafunsa suna naɗewa waje su shige fiffike kamar na uban gidansa. Na kira Abu Nayif. Ya zo ya zagaya shi da rula, bai sami komai ba, ya ce masha Allah. Sannan ya ce shi ya daina fita hamada, gwiwa ta hana, kuma ɗan ƙanwarsa ya buɗe gidan gahawa a unguwar Suwaidi yana neman abin ratayawa a rufi. Ranar Lahadi za a zo a ɗauka. In muna so mu gwada shi kafin nan, ba laifi, mu turo masa bidiyo.

A makon ne kuma kamfanin su Sabo ya rufe. An buga musu huruj, fita ba dawowa, an ba shi tikitin daren Asabar. Ranar Juma'a ƙura ta rufe garin, ko ƙarshen layi ba a gani. Ya rage Asabar. In bai tashi ranar ba, babu mai tashe shi, babu kuma ranar da za a sake ba ni shi. Jirgin da bai taɓa tashi ba kuwa, a sana'armu, ba a san ko jirgi ba ne. Kujera ana zama a kanta a shago a gane. Wannan sai sama ta yi shaida.

Bayan Asuba muka ɗora shi a a-kori-kura, fukafukai a naɗe da bargo, jakunkunan Sabo na tafiya a gefensa. Muka nufi kudu. Da muka isa fakonmu sai muka tarar an kewaye shi da tudun ƙasa, an haƙa rami a tsakiya, manyan motoci sun yi kaca-kaca da shi suka tafi suka bar shi. Mun daɗe ba mu je ba, ba wanda ya gaya mana. Muka yi ta zagaye. Inda ya yi laushi tayoyi za su nutse, inda ya yi tauri duwatsu ne. Can hantsi muka faɗa wata unguwa irin waɗanda ake shatawa a hamada kafin a gina ko ɗaki ɗaya: tituna da kwalta sabuwa, da dakalin siminti a kowane gefe, da turakun fitilu a jere, ba gida ba mutum. Mai gadi, wani Basudane, ya leƙa bayan mota ya yi dariya ya ɗaga mana sanda.

Iska daga arewa take, tana kaɗawa tana tsayawa. Titunan da ke fuskantar ta duk an haƙa su ana binne bututu. Ɗaya ne lafiyayye, dogo, miƙaƙƙe, iskar tana ratsa shi ta gefe. Sabo ya ɗaura tsinken leda a eriyar mota ya tsaya yana kallonsa. Ni na haɗa fukafukai, na ɗaure, na zuba mai. Al'adarmu mai ƙera ne ke riƙe jirgi in za a tayar da inji, ya tsaya wutsiyar tana tsakanin ƙaurinsa. Na tsaya. Sabo ya kaɗa farfela, injin ya kama. Ya ba shi wuta har ƙarshe, iskar farfela ta manna mini wando a ƙafa, jirgin yana fizga kamar ragon da ya ga ƙofa a buɗe. Ya rage, ya gyaɗa kai, na matsa.

Ya tura shi a hankali zuwa tsakiyar titi. Ya ƙara wuta. Jirgin ya ɗauki gudu, wutsiya ta fara sauƙi, sai hanci ya waiga hagu. Sabo ya taro shi, iska ta shiga ƙarƙashin fiffike ta ɗaga taya ɗaya, ya sauke wuta. Jirgin ya yi tangaɗi ya tsaya, tsakaninsa da dakalin siminti bai fi taƙi ba. Muka ɗauko shi muka dawo. Muka zauna a inuwar mota muna jiran iska ta kwanta. Muka yi Azahar a kan kwalta. Ya sake gwadawa, abin da ya faru ɗazu ya sake faruwa, wannan karon har bakin fiffike ya kusa sumbatar turken fitila. Ya dawo da shi gabanmu a hankali, injin yana ƙugi ƙasa-ƙasa.

"Malam," in ji shi, "ba zan tashe shi ba."

"Iskar takan faɗi bayan La'asar."

"Bayan La'asar ina kan hanyar filin jirgi. Kuma ba za ta faɗi ba, dubi ledar nan. Tashi zan iya fizgo shi, ko da ƙyar. A ina zan sauke shi? Kai ka karanta littafin, kai ka gaya mini."

Gaskiyarsa ce. Littafin ma bayansa yake goyo.

"Ka tashe shi kawai," na ce. "In ya faɗi ya faɗi. Gobe waya za a ɗaura masa a baya a rataye shi."

"Ya faɗi a hannun wa? Duk zamana a saman kiren ban taɓa sakin kayan mutum ba. Injiniya ya zage ni, ya ce in ɗaga, na ce iska ta hana, na sauko na sha shayina. Yau da zan tafi ne zan tara maka itacen girki?"

"Ɗan kasuwa, ba a ce ka biya ba."

"Da biya ne ai da sauƙi." Ya cire igiyar rimot daga wuyansa ya rataya mini. "Ga shi. Naka ne. Sandan hagu wuta da wutsiya, na dama sauran. Ka fi ni sani."

Na riƙe. Akwatin da ɗumin hannunsa. Jirgin yana gabana, hancinsa a saitin titi, farfela na juyawa. Na ɗora manyan yatsuna inda ake ɗorawa. Na san abin da zai biyo baya daki-daki, kamar yadda nake sanin sakamakon ɗalibi tun kafin ya buɗe takardar jarrabawa. Na ɗan tura na hagu, injin ya amsa, jirgin ya matsa gaba kamu ɗaya. Sai na dawo da shi ƙasa, na danna maɓallin kashewa. Farfela ta yi juyi biyu ta tsaya.

Muka zuƙe man muka mayar a galan. Muna kwance fukafukai Sabo ya ce, "Bazazzagi, ka dai ƙera shi daidai. Har halin ka kwafo." Na kai shi filin jirgi da ƙurar kwalta a goshinsa. Yanzu yana Kano yana tuƙa motar yashi. Usta ban rubuta masa ba, shi ma bai tambaya ba.

Don haka in kuna son shawarata, ku sayi na soso. Yana tashi, in ya karye ana liƙa shi da salatif, ba ya neman fako, ba ya neman Sabo. Abin da na iya, babu mai saye, babu wurin gwadawa, babu mai gwadawa. Ba rowa ce ta hana ni koya muku ba. Ɗakin baya ma yanzu katifu ake ajiyewa a ciki.

Ranar Lahadi ni aka tura in rataye shi, tunda ni na san inda ƙashinsa yake da ƙarfi. Na cire injin don kada mai ya ɗiga a kofin mutane, na cire tanki da batir. Da hanci ya zama fanko sai wutsiya ta rinjaya, na cusa masa ƙullin yashi a leda har ya daidaita. Na huda bayansa wuri biyu na zura waya. Ina kan tsani, ɗan ƙanwar Abu Nayif yana ƙasa yana cewa in ɗan karkata shi don ya fito da kyau a hoto. Na karkata. Ya ja da baya ya kalle shi, ya ce kyakkyawa ne wallahi. Sannan ya ɗago kai ya ce, "Ya Haj, wannan yana tashi da gaske?"

Na ce ya miƙo mini fulaya.